Wake Ba Ya Tsayuwar Dawa

An rubuto wannan lacca daga muryar da wani matashi ya naɗa a waya, a taron zumunta na bayan kaka da aka yi a wata majami'ar ƙauye a ƙaramar hukumar Sumaila, jihar Kano. Mai laccar tsohon fasto ne.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Iyayena dattawa, iyayena mata 'yan ƙungiyar Zumuntar Mata, 'ya'yana matasa, sannunku da zuwa. Ina gajiyar kaka?

Da nake shigowa ɗazu na ga dammunan dawa jingine a ƙofar gidaje, sai na ce bari in fara daga gona, tunda duk nan manoma ne. A gona ɗaya muke shuka gero da dawa, mu ratsa wake a tsakanin kunyoyi. Gero wata uku ya nuna, shi ke fitar da mu daga yunwar tsakiyar damina. Dawa kuwa sai ruwa ya ɗauke. Wake yana nan kwance yana yaɗo, ba ka hango shi daga bakin hanya, amma shi ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa ce ke riƙe awakinmu da rani. Tsawon shekaruna ban taɓa ganin manomin da ya tsaya kan wake yana yi masa faɗa don bai yi tsayin dawa ba. A ikkilisiya kuwa muna yi, kullum.

Ku buɗe 1 Korintiyawa sura 12. Manzo Bulus ya zauna a Korinti shekara ɗaya da wata shida, ya san mutanen nan ciki da bai. Suna da baye-baye birjik, amma sun rabu: wannan ya ce shi na Bulus ne, wancan na Afolos, wani na Kefas, wato Bitrus. Sai ya kawo musu misalin jiki. Ya ce in duk jiki ido ne, da me za a ji? Ido ba shi da bakin cewa hannu ba ya bukatarsa. A aya ta 22 ya ƙara da abin da muke tsallakewa: gaɓoɓin da ake gani kamar raunana, su ne ba a iya yi sai da su.

Mu nan mun jera baiwa kamar buhuna a sito. Mai wa'azi a sama, sai mawaƙa, sai yaron da ya je Kano ya dawo yana addu'a da Turanci. Mai sharar majami'a, da wadda ke kwana wurin mai naƙuda, da wanda ke fara ɗaukar diga in an yi rasuwa, waɗannan ba ma ko kiran abin nasu baiwa. Alhali a Fitowa sura 31 Allah da kansa ya kira Bezalel da suna, ya ce ya cika shi da Ruhunsa. Don ya yi me? Aikin zinariya da azurfa da tagulla, da sassaƙar dutse da itace. Ya kuma haɗa shi da Oholiyab. Ruhun da ya buɗe bakin annabawa, shi ne ya riƙe hannun masassaƙi.

Bari in faɗa muku laifina, don har yau yana ci mini rai. A ikkilisiyar da na fara aiki akwai wani dattijo mai in'ina, bai iya karatu ba. Sau ɗaya na ba shi addu'ar rufe sujada, ya yi ta kokawa da kalma, yara suna dariya, tun daga ranar ban sake kiransa ba. A zuciyata na sa shi cikin masu cika benci. Ashe duk bazara, kafin ruwan farko, shi ke zuwa da kwandon ƙasa da mangara ya yi wa bangon majami'a yaɓe, ya hau soro ya gyara indararo, ya toshe inda gara ta ci. Da asuba yake yi, kafin ya tafi sharar gona. Shekarar da ya rasu, ruwan Agusta ya jiƙa bangon yamma ya tsage daga sama har ƙasa, muka koma sujada gindin darbejiya. A nan matarsa ta gaya mini wanda ke riƙe da ginin. Shekara tara ina wa'azi a inuwar hannunsa, ban taɓa ce masa na gode a gaban jama'a ba.

Iyayena mata, kun san Dokas ta garin Yafa, a Ayyukan Manzanni sura 9. Ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba. Da ta mutu, gwauraye suka tsaya gaban Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Allura da zare ne shaidarta, kuma Allah ya tashe ta.

To, mu shiga gida, don a nan ciwon yake farawa. Uba ya dubi ɗansa ya ce, "Kai ba ka ga ɗan wane ba?" Yaron nan wataƙila lissafi ya gagare shi, amma in injin ban-ruwa ya ƙi tashi, shi ake nema. Ku tura shi makaranta, ban ce ku bari ba. Sai dai kada ku kashe masa abin da Allah ya sa a hannunsa don kuna son ya zama wani. Musa ya ce bakinsa da nauyi, Allah bai canja shi da wani ba, ya haɗa shi da Haruna. Bulus ma ya taɓa ƙin tafiya da Markus har suka rabu da Barnaba a kansa. Barnaba ya ga abin da Bulus bai gani ba. Daga baya, a 2 Timoti 4:11, Bulus ɗin ne ya aika a zo masa da Markus, ya ce yana da amfani gare shi.

Kada wani ya fake da maganata ya ce shi baiwarsa zama. Bawan da maigidansa ya ba kuɗi talanti ɗaya ya juya, a Matiyu 25, ba don kaɗan aka ba shi aka hukunta shi ba, don ya tona rami ya binne ne.

Ga roƙona. In an tashi, kafin a ci abinci, dattawa da shugabannin Zumunta su zauna da sakatare, a bi gida gida a rubuta wa ya iya me: ungozoma, magini, mai ɗinki, mai sulhunta ma'aurata, mai haƙuri da yara. A karanta sunayen ran Lahadi, a yi musu addu'a kamar yadda ake yi wa mawaƙa. Kuma na lura bangon nan na gabas wani ya yi masa sabon yaɓe. Wa ya yi? Baba, kai ne? To, daure ka miƙe mu gan ka.