Ka Faɗi Sirrinka, a Ba Ka Shekara 20

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To madalla. Abu uku na yi wa shugaban zama alkawari a kan takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda Bature ke kira fatent: mece ce ita, yaya ake samunta, sai kuma iyakarta.

Na farko, ciniki ce tsakaninka da hukuma. Hukuma ta ce, ka ƙera sabon abu? Zo ka rubuta yadda ka yi shi dalla-dalla, yadda duk ma'abocin sana'ar zai karanta ya yi irinsa. Ni kuma in hana kowa ƙera shi, ko sayar da shi, ko shigo da shi ba da yawunka ba, har shekara 20. In wa'adin ya cika, ya zama na kowa. Tun 1474 mutanen birnin Fenis na Italiya suka kafa irin wannan doka, su shekara 10 suke bayarwa.

Ku riƙe wannan, ka rubuta. Nan ne muke rabuwa da Turawa. A unguwarmu an yi wani maƙeri, Allah Ya jiƙansa, in ya ƙera maka garma sai dai ƙota ta karye ka sake, ƙarfen yana nan. Amma in zai ba ƙarfe ruwa sai ya kori yara, ya ja asabari. Ɗan cikinsa ma zuga-zugi kawai ya sani. Ranar da aka kai shi makwanci, da shi da ilimin aka rufe. Ban ga laifinsa ba fa! Me zai kare shi in ya faɗa? Gobe maƙwabcinsa ya kwaikwaya ya karya farashi. Masu magani haka, marina haka, majema haka. Kowa da asabarinsa. Wannan tsoron ne dokar ta zo ta cire: faɗi, mun tsaya maka.

Wani zai ce ai Coca-Cola tun 1886 suke ɓoye haɗinsu. Gaskiya ne, sirri ma hanya ce. Amma ruwa ne a kwalba. Kai da ka ƙera injin ɓare gyaɗa fa? Ranar da ka sayar da na farko, mai walda zai sa sifana ya kwance shi, kafin la'asar ya gama karatunsa. (Dariya.) Ina masu walda a nan? Ban kama suna ba.

Na biyu, da sauri. Dokarmu ta Najeriya ta 1970 ce. Dole abin ya zama sabo, ya zama akwai dabarar ƙirƙira a cikinsa, kuma a iya amfani da shi a sana'a ko masana'anta. Don Allah kada ka ɗora bidiyonsa a Facebook kafin ka shigar da takarda, da hannunka ka kashe sabuntarsa. Kuma a yi sammako. Ranar 14 ga Fabrairu 1876, Alexander Graham Bell da Elisha Gray duk suka kai takardunsu kan wayar tarho ofishi ɗaya a Amurka, rana ɗaya. Bell aka ba. Yau wa ya san Gray? Sannan takardar Abuja ba ta aiki a Maraɗi. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya ta wadatar a ƙasashe 17, mu ba ma ciki. Akwai kuɗin sabuntawa duk shekara, in ka yi sake takarda ta mutu.

Na huɗu... au, na uku ko? Na'am, 'yata, ga hannunki a sama.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko wani zai iya yin rajistar dogon yaro da kakarta ke dafawa don zazzaɓi.)

Allah Ya yi miki albarka, an taɓa gwadawa! Darbejiya, wato dogon yaro, asalinta Indiya. A 1994 ofishin fatent na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka takarda kan maganin cutar shuka da aka haɗa da man 'ya'yanta. Indiyawa suka ce ina! Manomanmu sun daɗe suna wannan. Suka kawo hujja, aka soke takardar a 2000, aka ɗaukaka ƙara, a 2005 aka tabbatar da sokewar. Abin da jama'a suka riga suka sani ba sabo ba ne, amma fa sai kin nuna shaida, alƙali ba ya karɓar "kakata ta ce". Shi ya sa a 2001 Indiya ta fara tattara magungunanta na gargajiya a rumbun kwamfuta, masu duba takardu su riƙa leƙawa. Kakar taki tana raye? To in an yi hutu ki tafi da biro da littafi, ki sa kwanan wata.

Shugaba yana ta nuna mini agogo. Na ukun sai wani jiƙon.