Jawabin Maraba ga Farfesa Masanin Girgizar Ƙasa a Agege, Legas

Assalamu alaikum. Iyayenmu sarakuna, malamai, shugabannin kasuwa, ɗalibai, da babban baƙonmu Farfesa: ranka ya daɗe, sannu da hanya, barka da zuwa Agege. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, balle baƙon da ya taho da ilimi.

Jama'a, aikin Farfesa shi ne sauraren cikin ƙasa. Ramin Kola na Rasha, wanda ya fi kowane rami zurfi, kilomita 12 ne da 'yan kai, alhali zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne. To, yaya aka san abin da ke can? 'Yan'uwanmu na kasuwar Mile 12 sun san dabarar. Mai kankana yakan ƙwanƙwasa ta ya kasa kunne, ya gane ko ta nuna tun bai sa wuƙa ba. A nan girgizar ƙasa ce ke ƙwanƙwasawa, na'urori na saurare.

Motsi iri biyu ke nutsawa ciki. Na farko, da ake kira P, yana ratsa dutse da ruwa, cikin kimanin minti 20 ya ɓulla ɗaya gefen duniya. Na biyu, S, da ya tarar da abu mai ruwa-ruwa sai ya tsaya cik, kuma rashin ɓullowarsa ne ya tabbatar akwai narkakken ƙarfe daga zurfin kilomita 2,900. A hanya motsin yakan lanƙwasa, wani ya yi karo ya warwatse. A 1936 Inge Lehmann, 'yar Denmak, ta lura da wani raunannen motsi yana isa inda bai kamata ba, ta ce lallai da wani abu ya yi karo. Haka aka gano curin daskararren ƙarfe da ke can tsakiyar duniya. Har a ƙarƙashin Afirka akwai wani makeken yanki inda motsin ke rage gudu. Allah mai iko!

Ranka ya daɗe, ga damuwarmu. An ji girgiza a Ijebu-Ode a 1984, an ji a Mpape ta Abuja a 2018. Mu kuwa a kan yashi da cikon lagun, wato tafkin bakin teku, ake ta ɗora mana benaye, kuma ƙasa mai laushi ƙara wa motsi ƙarfi take, kamar yadda aka gani a birnin Meziko a 1985. 'Ya'yanmu ne ke gadi da dako a gindin benayen nan na Lekki. Muna roƙo ka fayyace mana matsayin Legas, ka kuma nuna wa ɗalibanmu hanyar zuwa cibiyar binciken motsin ƙasa ta Toro a Bauchi.

Bisimilla, ranka ya daɗe, muna saurare.