Masu cewa "buɗe sabo kawai", ku ji tsoron Allah

Assalamu alaikum jama'a, daga Sakaramento ta jihar Kalifoniya a Amurka nake, kuma yau raina a ɓace yake. Wani ƙanenmu mai tirela biyu ya je neman rance a banki, aka duba sunan kamfaninsa a shafin Sakataren Jiha, ofishin da ke rajistar kamfanoni, sai ga shi an dakatar da kamfanin. Harajin shekara biyu ake binsa. Ya kawo kuka guruf ɗinmu na WhatsApp, kowa na ce masa: "Ƙyale shi ya mutu, ka buɗe sabo, dala 100 ce kawai."

Haba Malam! Nan Kalifoniya ce fa. Ko sisi kamfaninka bai samu ba, dala 800 na nan duk shekara, hukumar harajin jiha, Franchise Tax Board, ke karɓa. Ka watsar da shi, bashin yana nan daram, tara da kuɗin ruwa na ta hawa kansa. Akwai sassauci ga kamfanin da ya daina aiki kuma ba shi da kadara, to mai tirela biyu fa?

Yanzu haka in wani dillali ya cinye masa kuɗin dakon kaya, ba shi da bakin kai ƙara kotu. Wanda suka ƙulla kwangila da shi zai iya neman a soke ta. Sunan ma wani na iya ɗauka.

Sabon kamfani kuwa, sabuwar lambar haraji daga IRS, hukumar harajin tarayya, sabon asusun banki, sabuwar lambar DOT ta ma'aikatar sufuri. Inshora ta ɗauke ka ɗan koyo, ta tsuga maka kuɗi. Dillalai da yawa ba sa ba sabuwar lamba kaya sai ta ɗan kwana biyu. Ni nawa kamfanin, alhamdulillahi, ban cika roƙon kaya ba, su ke kirana, saboda daɗewar sunan.

Abin har ya tuna min da Kantin Kwari. Baffana dila-dilan atamfa ake sauke masa ba takarda ko ɗaya, sunansa ya wadatar. Kai, na yi kewar Kano, ko don gurasa da tsire.

To, na ce masa: "Ƙanena, nemi akanta, ka cike takardun harajin da suka wuce, ka biya. Ka sabunta bayanan kamfani, dala 25 ce, in an ci ka tarar 250 ka haɗiye. Sannan ka tura wa Franchise Tax Board fom 3557 a farfaɗo da kamfanin."

Ku da ke da kamfani a nan, duk wasiƙar da ta zo daga hukumar haraji ku buɗe ta ranar da ta zo. In kun tashi daga gida, ku sanar da su sabon adireshi.