Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamna a Ziyararsa ta Kwalejin Ilimi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Gwamna, Mai martaba Sarki, Allah ya ƙara maka lafiya da nasara, Kwamishinan Ilimi Mai Zurfi, hakimai da dagatai, muƙaddashin shugaban kwaleji, malamai, iyayenmu mata, da 'ya'yanmu ɗalibai.

A madadin kwamitin haɗin gwiwa na dattawan gari da tsofaffin ɗalibai, muna yi maka barka da zuwa, lale marhabin. Ranka ya daɗe, ayyukanka ba sai mun lissafa ba. Titin da ka biyo ya ishe mu shaida, kuma dogon kirari sai ya cinye mana lokacin da muke so mu yi kuka a cikinsa. Kukan guda ɗaya ne, za mu faɗe shi tun yanzu kafin rana ta take: muna roƙon a naɗa wa wannan kwaleji cikakken shugaba. Damina ta biyu ke nan tana hannun riƙon ƙwarya.

Wannan makaranta ba daga sama ta faɗo ba. Gonakin kakanninmu ne, suka bayar kyauta, ba diyya, a lokacin da wasu garuruwa ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don gudun boko. Tubalin azuzuwan farko da aikin gayya aka buga shi, mata na kai ruwa a tulu. Sun yi haka ne domin sun ga abin da alli ya haifar a ƙasar nan. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 malamai take horarwa, kuma daga cikinta Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito, dukkansu suka riƙe aji kafin su riƙe ƙasa. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, Shehu Shagari ma da malanta ya fara. Da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta a 1976, yara suka cika azuzuwa babu masu koyar da su, yaranmu ne aka kwasa daga nan aka watsa ƙauyuka, wasu da keke, wasu a ƙafa. Yau da wuya ka shiga wata firamare a wannan yanki ba ka tarar da ɗan kwalejin nan ba. Amma duk lokacin da aka tashi rabon gine-gine, sai mu ji labari a rediyo. Makarantun da muka ba wa malaman farko sun sha gabanmu, muna kallo.

Ranka ya daɗe, ba mu da ƙorafi a kan malamin da ke riƙe da kujerar. Ga shi nan zaune, mutumin kirki ne, kuma bai san za mu faɗi wannan ba. Matsalar tana ga kujerar. Aikin shugaban kwaleji a yau rabinsa a waje yake: neman kuɗi, da tsare mutuncin makaranta a idon jama'a. Albashi gwamnati ke biya, mun gode. Gini da kayan ɗakin gwaje-gwaje da tura malamai ƙarin karatu kuwa, galibi sai an bi su Abuja, wurin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Wannan asusu ya samo asali daga harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, aka sake masa doka da suna a 2011, harajin ya tashi daga kashi 2 cikin ɗari har ya kai kashi 3 a 2023. Jami'o'i ke ɗaukar rabi, kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi su raba sauran daidai. Kuɗin na nan, sai dai ba a sakin sabo sai an ga lissafin na baya, kuma ana bukatar mutumin da zai tsara aikin shekaru, ya bi takarda ofis-ofis, ya koma, ya sake komawa. Wanda bai san ko zai kai wata mai zuwa a kujera ba, ta yaya zai tsara aikin shekara biyar?

Bari mu ba ka labari ɗaya. Bara iska ta yaye rufin ɗakin kwanan ɗalibai mata, muka yanke shawarar kafa gidauniya. Muka ɗunguma gidan wani attajiri ɗan garin nan, aka shimfiɗa mana darduma, aka kawo ruwa da dabino. Ya saurare mu tsaf, har ya jawo biro. Sai ya ɗaga kai ya ce, "To Alhaji, wa zan damƙa wa? Baɗi idan na zo ganin aiki, wa zan tambaya?" Muka dubi juna. Ya mai da biron aljihu, ya ba mu kuɗin mai, ya ce in an naɗa shugaba mu dawo. Ba mu ga laifinsa ba. Har yau 'yan matan nan a cunkushe suke, wasu na shimfiɗa katifa a ƙasa, wasu iyayen sun janye nasu sun mai da su gida.

Haka abin yake a sauran wurare. Shugaba ne ke zuwa fada gaisuwa, shi ke zuwa ta'aziyya da sunan makaranta, shi ke zama da masu gidajen haya idan sun saɓa da ɗalibai. Idan jita-jita ta tashi a Facebook cewa an soke kwasa-kwasanmu, shi ya kamata ya shiga gidan rediyo ya ƙaryata. Muƙaddashi kuwa kowace kalma sai ya auna ta, don kada a ce yana zawarcin kujera. Cikin gida ma an rabu, kowane mai sa rai da mutanensa, ana ta rubuta takardun ƙorafi marasa sa hannu. Gaskiya abin ya fara ba mu kunya.

Ga kuma lokaci yana gudu. Dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri tare da takardar NCE ta shaidar malanta, kuma ɗalibai can za su karkata idan ba mu yunƙura ba. Hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ba za ta fasa zuwa tantance kwasa-kwasai don muna jiran shugaba ba. A jami'o'in tarayya doka ta ƙayyade wa muƙaddashi wata shida ne kacal. Dattawan da ke nan suna tuna yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta bunƙasa a hannun Farfesa Ishaya Audu, wanda ya riƙe ta daga 1966 zuwa 1975. Mutum ya zauna daram, sannan ya gina.

Ba mu zo da sunan kowa ba, kuma ba mu ce dole sai ɗan garinmu ba, ko da yake muna da su. A umarci majalisar gudanarwa ta tallata gurbin a jarida, a yi ganawa a fili, a kawo maka sunaye, ka zaɓa. In son samu ne, a riƙa fara wannan shiri wata shida kafin wa'adin kowane shugaba ya cika, ta yadda mai fita zai zaunar da mai shiga, ya nuna masa littattafan kuɗi, ya kai shi gidajen masu taimakon makaranta hannu da hannu.

Muna da bukatar rijiyar burtsatse, da katanga ta ɓangaren gabas, da taransifoma. Amma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, don haka mun rubuta su a takardar da ke cikin ambulan ɗin da za a miƙa maka tare da 'yar tsarabarmu. Wanda ka naɗa shi zai bi su. A ba mu shugaba kafin sabon zangon karatu, ranka ya daɗe. Attajirin nan yana jiranmu, kuma damina na tafe.

Allah ya yi maka jagora, ya mai da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwamitin dattawan gari da tsofaffin ɗalibai