Zaman Kallon Cosmos: Abin da Shekaru Suka Gyara a Shirin Carl Sagan

Assalamu alaikum. Malamaina da iyayena da ke zaune a gaba, da ku ɗalibai, ina yi muku barka da kammala kallon kashi na farko na shirin Cosmos, wanda tashar PBS ta Amurka ta fara nunawa a 1980. Kashi 13 ne gaba ɗaya, masanin taurari Carl Sagan ne ya gabatar da shi, kuma ya rubuta shi tare da Ann Druyan da Steven Soter. Wani daga cikinku ya tambaye ni dalilin da ya sa za mu taru muna kallon shirin da ya haura shekara 40, alhali sababbi sun cika waya. Amsata ita ce, tsufan nasa ne ya sa ya cancanci a kalle shi cikin jama'a, inda za a iya tsayar da hoto a yi gardama.

Ku duba abin da ya sauya. Sagan ya ce shekarun sararin samaniya kusan biliyan 15 ne, yau kuwa lissafin masana ya tsaya a kan biliyan 13.8. A lokacin da yake magana a kan duniyoyin da ke kewaya wasu taurari, babu ko ɗaya da aka tabbatar, hasashe kawai yake yi bisa hujja. Sai a 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano ta farko da ke kewaya tauraro irin ranarmu, kuma zuwa 2022 adadin da aka tabbatar ya wuce 5,000. Sagan ya rasu a 1996, bai ga mafi yawan wannan ba. Wanda ya kalli shirin shi kaɗai a ɗakinsa zai iya haɗiye tsohon adadi a matsayin gaskiya, amma a zama irin wannan da wuya a rasa wanda zai ɗaga hannu ya ce an gyara, kuma ta haka ɗalibi ke gani da idonsa yadda kimiyya take gyara kanta.

Inda nake so mu daɗe shi ne labarin Eratostenis, mai kula da babban ɗakin karatu na birnin Iskandariyya da ke Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ya samu labarin cewa a garin da yau ake kira Aswan, akwai ranar da sanda ba ta yin inuwa da tsakar rana, alhali a Iskandariyya, a wannan rana, inuwa tana karkata da kusan digiri 7. Kun ga yadda Sagan ya riƙe taswirar Masar mai ɗauke da sanduna biyu, ya lanƙwasa ta a hankali, inuwar ɗaya ta ɓace, ta ɗayar ta miƙe. Digiri 7 kusan kashi ɗaya ne cikin 50 na da'ira, tsakanin garuruwan kuma akwai kimanin kilomita 800, saboda haka kewayen duniya ya kama kilomita 40,000.

Wannan awo muna iya maimaita shi. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, don haka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, rana tana tsayawa daidai bisa kai har inuwar sanda ta shige ƙarƙashinta. Agadas tana kan digiri 17, kusan a miƙe arewa da Kano, da nisan kimanin kilomita 550 idan aka auna kai tsaye. Ɗalibi a can da ɗalibi a nan, kowa da sanda da igiya da waya, za su samu bambancin digiri 5, wato kashi ɗaya cikin 72 na da'ira, kuma idan suka ninka 550 sau 72 za su samu 39,600. Masanan Halifa Ma'amun na Bagadaza ma sun yi nasu awon girman duniya a ƙarni na 9, kuma ina ganin shirin bai ba wa malaman wancan zamani haƙƙinsu ba, domin ya nuna kamar ilimi ya yi barci ne tun daga rushewar ɗakin karatun Iskandariyya har zuwa farkawar Turai. Masana tarihi sun soki wannan ɓangare, kuma sukar tana da tushe.

Akwai kuma inda lokaci ya gaskata shi. A kashi na 4 ya bayyana yadda iskar kabon ta riƙe zafi a duniyar Zara, matar wata, har zafinta ya kai kimanin digiri 460 a ma'aunin Celsius, sannan ya yi gargaɗi game da abin da ƙona kwal da man fetur zai jawo wa tamu duniyar.

A zama na gaba za mu kalli kashi na 2, wanda ya shafi asalin halittu, kuma na san za a samu saɓanin ra'ayi mai ƙarfi. Ina roƙon kowa ya zo da hujjarsa cikin ladabi, malaman addini da malaman kimiyya duka. Ku lura musamman da labarin ƙaguwar tekun Japan mai bayan da ya yi kama da fuskar jarumi, domin masana halittu da dama ba su yarda da bayanin da Sagan ya bayar a kanta ba, kuma daga nan za mu fara tattaunawa.