Yatsan ƙafa ɗaya ya hana yaronmu ƙwallo a Jidda

Salamu alaikum jama'a, daga Jidda nake magana kuma yau raina a ɓace yake wallahi. Ɗan yayana ne, shekararsa 14, ya fi wata yana ɗingishi yana cewa ƙasan babban yatsan ƙafarsa na masa ciwo, kowa a gida sai ya ce targaɗe ne ka daure ai kai namiji ne, kocinsu ma cewa yake ya shafa man zafi ya shigo fili. Ashe ƙashi ne ya tsage! Bai faɗi ba, ba wanda ya taka shi, ƙwallo ce kawai kullum ba hutu har ƙashin ya gaji.

Likitan ƙashi ne ya nuna mana, ashe a ƙarƙashin gaɓar babban yatsa akwai wasu 'yan ƙasusuwa guda 2 a cikin jijiya, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba, duk sanda yaro ya ɗaga dunduniya zai zabura da gudu to a kansu nauyinsa yake sauka, kuma na ɓangaren ciki shi ya fi shan wuya. Hoton farko da aka yi bai nuna komai ba, likitan ya ce haka abin yake, sati 2 zuwa 3 na farko tsagewar sau da yawa ba ta fitowa, sai da aka shiga MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, sannan aka gan ta, riyal dubu da ɗoriya suka tafi, Allah ya sa akwai inshora. Har ɗaya ƙafar suka ɗauka, don wasu da ƙashin a rabe biyu aka haife su, ba karaya ba ce.

Ni filayen nan nake zargi. Mu a Kano a kan yashi muka taso muna bugawa, ƙafa ba takalmi, la'asar zuwa magariba an tashi. Nan kuwa ciyawar roba ce a shimfiɗe kan ƙasa mai tauri, yara su haɗa kuɗi su kama fili na awa, saboda zafi sai bayan isha'i ake farawa, wani ya buga a makaranta ya buga a kulob ya zo ya buga na unguwa duk rana ɗaya. Tun 1976 likitoci a Amurka suka yi rubutu kan yadda irin wannan filin da takalmi mai laushin ƙasa ke lalata gaɓar babban yatsa. Kuma tun da Ronaldo ya zo Al-Nassr aka kuma ba Saudiyya kofin duniya na 2034 yaran nan ba sa jin kira. Ban ga laifinsu ba fa, Usama Hausawi ne kyaftin ɗin ƙasar nan a kofin duniya na Rasha 2018, sunan kaɗai ya isa ya sa ɗan Bahaushe ya kasa zama.

Wani abin mamaki, an gwada jininsa aka ce bitamin D ya yi ƙasa, a ƙasar da rana ke ƙona mutum! To daga esi sai mota sai esi, yaushe ya ga ranar.

Yanzu an sa masa takalmin nan mai tauri na asibiti, an ce sati 6 zuwa 8 ba gudu ba tsalle, kuma zai iya wuce haka don jini ba ya isa wurin sosai. Don Allah iyaye, in yaro ya ɗora yatsa ɗaya ya ce nan ne daidai, ciwon na ƙaruwa in ya yi gudu yana lafawa in ya huta, ku karɓe takalmin ƙwallon ku kai shi asibiti. Kar ku bari a ja yatsan ko a murza, masu ɗorinmu na gida ina girmama su amma wannan ba ta hannu ba ce, kuma in hoton farko ya fito lafiya ciwon bai tafi ba ku koma.