Tseren Motoci na Dogon Zango: Tsayawa a Rumfa, Shan Mai da Tsira da Rai

An ɗauko wannan daga faifan laccar da aka yi wa makanikai da matasa masu sha'awar mota a birnin Katsina.

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Iyayenmu makanikai da ke gaba, Allah ya ƙara girma. Samari masu ɗokin sitiyari, sannunku da zuwa.

Tseren da za mu yi magana a kai ba na manyan kamfanoni ba ne. Abokai ne huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, su gyara tsohuwar mota, su shiga fage na awa takwas, ko sha biyu, ko kwana guda cur, suna karɓa-karɓar tuƙi. Motar da ta fi yawan zagaye kafin lokaci ya cika ita ta ci. Uban wannan wasa shi ne na Le Mans a Faransa, awa 24, tun 1923. A Amurka akwai na marasa ƙarfi, 24 Hours of Lemons, da aka fara a 2006, inda aka ce kada kuɗin motar ya wuce dala 500, ban da kayan kariya. Abu biyar zan faɗa: shigowa rumfa, shan mai, canjin direba, taya da birki, sai tutoci.

Na farko, shigowa. A gefen fage akwai layi daban, katanga ta raba shi da inda ake gudu, kowace ƙungiya da rumfarta. Katangar nan da jini aka saye ta. A Le Mans, ran 11 ga Yuni 1955, babu ita. Mike Hawthorn ya taka birkin Jaguar ɗinsa zai shiga rumfa, na bayansa ya kauce, Mercedes ɗin Pierre Levegh ta hau motar da ta kauce, ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo. Mutum sama da 80 suka mutu. Don haka ba a yanke shawarar shiga rumfa a bakin ƙofa. Tun zagayen da ya gabata ka sani, ka koma gefen da ƙofar take, ka ba na baya alama. A cikin layin akwai iyakar gudu. A Le Mans yanzu kilomita 60 ne a awa, a wasannin 'yan koyo sau da yawa ƙasa da haka. Kuma ba a sa ribas. In ka wuce rumfarka, mutanenka su turo ka da hannu.

Na biyu, shan mai. A nan ku ba ni lokaci, don nan ne ake ƙonewa.

Ruwan fetur ba shi ke kamawa ba, tururinsa ne. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kama wuta tun a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle Katsina a watan Afrilu. Tururin nan ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya tashi sama. Kwanciya yake a ƙasa yana malala kamar ruwan sama mai neman kwari, ya shige ƙarƙashin mota, ido bai gan shi ba. To me ke ƙarƙashin motar da ta yi awa biyu tana gudu? Salansa da faifan birki. Fetur kan kama da kansa, ba ashana, a zafin da bai kai digiri 300 ba. Faifan birkin motar tsere kuwa yakan wuce 500. Kun ga lissafin.

Ga tsarin, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Mota ta tsaya cak. A kashe inji, a murɗa babban makunnin da ke yanke batir gaba ɗaya. Wajibi ne motar tsere ta kasance da shi, a inda na ciki da na waje duk za su kai hannu. Direba ya fita. Ya fita, na ce! Ba a buɗe murfin tanki da mutum ɗaure da bel a ciki. A tura faranti mai faɗi ƙarƙashin bakin tanki don ya tari abin da ya ɗiga. Mai tukunyar kashe gobara ya tsaya a wurinsa. Sannan a buɗe murfi. Muddin murfin nan a buɗe yake, babu mai taɓa motar: ba duba taya, ba ɗaga bonet, ba goge gilashi. Sufana guda ta faɗi a kan siminti, tartsatsi ne.

Jarka kuma, ba jarkar man gyaɗa ba, ba galan ɗin 'yan bumburutu na bakin titi ba. (dariya) Eh, na ga wasu sun sunkuyar da kai. Jarkar da aka ƙera don fetur, mai tiyo a baki da ƙaramar kafar shan iska. In babu kafar, mai yana fita yana kwarɗ-kwarɗ, yana tofowa baya a kan hannunka. Lita 20 ta fetur kilo 15 ce, ban da nauyin jarkar, kuma za ka riƙe ta sama a karkace kusan minti guda ko fi. Kada a ba yaron shago don shi ne ƙarami. A ba mai ƙarfin dantse.

Yanzu ga abin da ya shafe mu fiye da Turawa: hunturu. Kowa a nan ya taɓa kama ƙofar mota a watan Janairu ya ji ta ɗana masa, ƙyas! Alhaji na ga kana gyaɗa kai. Wannan lantarki ne da gogayya ke tarawa a jiki idan iska ta bushe, kuma ɗan tartsatsin nan da ka raina ya isa ya kunna tururin fetur. Shi kansa fetur, yana gudu cikin tiyon roba, tara wannan lantarki yake. Maganinsa: in za a cika jarka, a sauke ta ƙasa, ba a cika ta a bayan a-kori-kura ko cikin but. Kafin ka buɗe murfi, ka taɓa ƙarfen motar nesa da tanki, jikinka ya sauke. Bakin tiyo ya zauna a jikin bakin tanki tun kafin mai ya fara zuba, kada a ɗaga shi a riƙa tsiyayowa daga sama. In da hali, a ɗaura waya daga jikin mota zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Yadin roba kuwa, irin rigunan ƙwallon nan, shi ne sarkin tara lantarki. Zan dawo kansa.

Kada a cika tanki maƙil. Fetur yana kumbura kusan kashi ɗaya cikin ɗari a duk ƙarin zafi na digiri 10. Tanki mai lita 60, an zuba mai daga inuwa, ya ɗumama da digiri 15, kusan lita guda ke nan ta ƙaru, kuma sai ta nemi hanya. Kwanar farko za ta fito ta kafar iska ta zuba a kan taya. Gobara gare ka, santsi ga na bayanka.

Mai tukunya. Wallahi in aka ce in zaɓi mutum ɗaya a rumfa, shi zan zaɓa. Tukunyar garin hoda, kilo huɗu da rabi zuwa sama. Ya tsaya kamar taku uku zuwa huɗu daga bakin tanki, iska na bugun bayansa ba fuskarsa ba, ya zare fil tun kafin a fara, bakin tiyo yana kallon tanki. Ba shi da wani aiki. Ba ya miƙa jarka, ba ya riƙe mazurari, ba ya ɗaukar bidiyo don a sa a TikTok. (dariya) Tukunyar nan daƙiƙa 15 zuwa 20 ce ta ƙare, don haka gindin wuta ake fesawa, ana sharewa hagu da dama, ba harshenta ba. In wuta ta kama mutum da mota, mutum ake fara kashewa. A duba allurar tana kan kore, a riƙa juya tukunyar ana bubbuga ta, don garin yakan dunƙule in ta daɗe a ajiye. Ruwa kuwa, kul! Fetur yana hawa kan ruwa, sai ka raka wutar rumfar maƙwabci.

Kada wani ya ce ai mu mun saba da fetur. A 1994, a Hockenheim ta Jamus, ana ba motar Jos Verstappen mai, mahaifin Max Verstappen, direban tseren Formula 1 ɗin nan, fetur ya fantsamo kan mota mai zafi, wuta ta rufe shi da makanikansa. Cikin 'yan daƙiƙu aka kashe ta, suka tsira da ƙananan ƙuna, saboda masu tukunya suna tsaye kuma kowa na cikin kayan wuta. Ƙwararrun duniya ke nan. Daga 2010 Formula 1 ta daina shan mai a tsakiyar tsere ma gaba ɗaya. Su kuwa masu gasar ChampCar a Amurka dabara suka yi mai kyau: duk tsayawar da aka sha mai, sai ka cika minti biyar kafin ka fita, ko da ka gama a biyu. Sun san sauri ya haifi nawa, sai suka cire ribar saurin. Duk wanda zai shirya irin wannan gasa a ƙasar nan, ya fara kwafar wannan doka.

Na huɗu... a'a, na uku ko? Lokaci ya tafi. Canjin direba: bayan an rufe tanki sabo ke shiga. Bel mai madauri biyar ko shida; a fara ɗaure na ƙugu tamau a kan ƙashi, sannan na kafaɗa. In aka fara da kafaɗa, na ƙugu ya hau ciki, ranar karo hanji ne zai biya. Kada mutum ya wuce awa biyu a kujera, a zafinmu ma ƙasa da haka, ya sha ruwa tun kafin ƙishi. Taya: notin ƙaramar mota wajen Nm 110 a ma'aunin sufana mai awon ƙarfin ɗauri, a ɗaure a tsallake-tsallake, ba a hau wilsufana da ƙafa. Ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi. Man birki DOT 4 sabo yana jure digiri 230, in ya tsufa ya sha danshi sai ya sauko wajen 155, ya tafasa, ka taka feda ta tafi ƙasa. A canja shi kafin kowace gasa. Tutoci kuma... na'am, Baba? A miƙa masa abin magana.

Tambaya: Malam, kayan wutan nan da kake ta faɗa, mu ina muka gan su? Hular kwanon babur da rigar aiki ta gareji ba za su wadatar ba?

Allah ya ja kwana, Baba, gara da ka tambaya. Ba za su wadatar ba. Hular babur an gwada ta don faɗuwa a kwalta, ba a gwada cikinta da wuta ba. Ta mota, mai tambarin Snell SA, an gwada. Rigar aiki kuwa yawanci da roba a saƙarta, kuma ta sha baƙin mai. Roba ba ƙonewa kawai take ba, narkewa take ta manne a fata. Rigar tsere da Nomex ake yin ta, zaren da ba ya saurin kama wuta, kuma ko ita lokaci kawai take saya maka: mai lamba SFI 3.2A/1 daƙiƙa 3 kafin fata ta yi bororo, mai lamba 3.2A/5 daƙiƙa 10. A ƙarƙashinta ko Nomex ko auduga zalla, har safa. Mai zuba fetur da mai tukunya su ma haka za su shirya: riga, safar hannu, takalmi rufaffe, hula da gilashinta a sauke. In kuɗi ya gaza, a sayi riguna kaɗan a riƙa karɓa-karɓa, a haƙura da sabon salansa mai ƙara.

Tunda daƙiƙa 10 ce, sai kowane direba ya koyi fita cikin ƙasa da haka. A gareji za ku yi, mota a tsaye. Ya shiga da cikakkun kaya, a ɗaure shi, ya rufe ido, don hayaƙi ba zai bar shi ya gani ba. A buga agogo: ya kashe babban makunni, ya ja igiyar tukunyar cikin mota in akwai, ya murɗa makullin bel, ya sauke ragar taga, ya fito. Ya gwada ta ƙofar direba, ya gwada ta ɗaya gefen, don wata rana ƙofarsa ce za ta manne da katanga. Wanda ya kasa, komai iya tuƙinsa, ya tsaya a rumfa ya riƙe tukunya har sai ya iya.

An ce mini an kira Magariba. Tutocin sai zama na gaba. Kafin nan ku riƙe biyu: rawaya, a rage gudu kuma ba a wuce kowa. Ja, an tsayar da tsere. Wassalamu alaikum.